Allon Tungar Kanya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina tankaɗe labari ya iske ni: Baba Mati mai fenti ya rasu.

Na ajiye rariya na shiga zaure, na tsaya gaban allon da ya bari. Har yanzu ƙwaryar garin tana nan a buɗe.

Ga wanda bai san shi ba, abokin mahaifina ne, mutumin ƙauyenmu Tungar Kanya, can cikin dajin Birnin Gwari. In ka taɓa ganin tsohuwar motar katako da rubutu a goshinta, haruffa masu kauri kamar taɓarya, ba ƙafa ba wutsiya, duk sun karkata gaba kamar dawar da iska ta tura, to wataƙila hannunsa ka gani.

Zamanin Turawa ya koya, kuma ba da son ransa ba. An kwashe samarin ƙauyenmu aikin tilas na hanyar da ta ratsa daji. Baturen hanya ya ji an ce ya yi karatun allo, sai ya miƙa masa burushi da takardar kwaikwayo, ya ce ya rubuta allunan kwana da na gada.

Shi kuwa hannunsa da alƙalamin kara ya saba. Sai ya fara kowace kalmar boko daga dama, daga harafin ƙarshe, yana komawa hagu. Haruffan suka fito da kauri, suka jingina da juna.

Bature ya sa aka yi masa bulala a gaban leburori, wai rubutunsa ya bugu.

Ya taɓa nuna wa mahaifina tabon, yana dariya. Ya ce, "Malam, bayana ya miƙe, amma haruffan sun ƙi."

Direbobi ne suka fara yabawa. Suka ce allon Mati kaɗai suke iya karantawa tun daga nesa, mota na gudu, don shi ma rubutun gudu yake yi. Daga nan masu shaguna, masu injin niƙa, har 'yan Damari da Kazage suka riƙa zuwa nemansa. Bai taɓa sa sunansa a ƙasan allo ba. Bai kuma taɓa farawa daga hagu ba.

Shi ya yi mini zayyanar allona ranar saukata. Da mahaifina ya rasu, shi ya riƙa aiko mana da zuma duk kaka, bai taɓa cewa daga gare shi ne ba.

Shi ya rubuta allon sunan ƙauyenmu da ke bakin hanya. Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu, na bar tukwanena na cire allon, na naɗe shi a tabarma. Mata suka ce, "Hajara, allo za ki dafa wa yara?" Na ɗora shi a ka na wuce.

Rana da ruwa sun riga sun cinye fentin. Da muka samu mafaka a unguwar Magajin Gari, Baba ya ce zai sabunta shi kafin mu koma. Idonsa ya yi rauni, hannunsa na rawa. Abu ɗaya ya roƙa: namiji guda cikin 'yan ƙauyenmu ya zo ya riƙe masa wuyan hannu.

Ba wanda ya zo.

Wani babba a cikinmu, a gabana, ya ce masa, "Haba Baba, allon wane gari? Gari ya mutu. In suna kake so, kwamfuta za ta buga maka shi a ƙyallen talla kafin la'asar." Ba zan faɗi sunansa ba, ina tsoron giba. Amma na ga shi ne ya fara ɗora hoton Baba a shafinsa yau, da dogon rubutu, wai an yi rashin uba.

Allah Ya yafe mana.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a zaurena ce. Ya zo da sandarsa da gwangwanin jan fenti. Na ɗaure masa burushi a yatsu da tsumma, na riƙe allon kada ya motsa. Tun hantsi har kiran azahar, haruffa uku ya iya yi.

Ya share gumi ya ce, "'Yar Malam, kada ki bari a yi makamashi da shi. Garin da allonsa ke tsaye bai mutu ba, bulaguro ya yi."

Na ce, "Baba, za ka dawo ka ƙarasa."

Ya ce, "In da rabo."

Ga shi nan a jingine. Haruffa uku na ƙarshe jajur, sun karkata gaba kamar suna sauri gida. Sauran sunan ya dushe, sai wanda ya san garin zai gane. Jikokina ba su san shi ba.

Ni ban iya burushi ba. In akwai mai iyawa cikinku, zaurena a buɗe yake. Sharaɗina ɗaya: daga dama zai ɗora, inda Baba ya tsaya.

Ya Allah Ka jiƙan Baba Mati, Ka sa bulalar nan ta zama kaffara, Ka haskaka kabarinsa, Ka mayar da mu inda allon nan zai tsaya. Don Allah duk wanda ya karanta, ya yi masa Ƙulhuwallahu.