Mai Gadin Maƙabartar da Rairayi Ya Binne

Dogo ake ce masa, ko da yake gajere ne ƙwarai. Abokan wasansa ne suka laƙaba masa sunan tun yana yaro, ya bi shi har furfura. Sana'arsa haƙar kabari. A hannun surukinsa ya gaje ta, tare da shebur da diga da wata 'yar rumfar kwano a bakin maƙabarta, inda yake ajiye itacen rufin kabari da tulun ruwa. In aka yi rasuwa a garin shi ake fara aika wa, kuma ba ya tambayar tsawon mamaci, don ya san kusan kowa a tsaye.

Gabas da maƙabartar akwai fili mai ciyawa da 'yan itatuwan ƙaya. Shekarun fari suka zo a jere, awaki suka cinye ciyawar har saiwa, masu neman itace suka sare abin da ya rage, ƙasa ta zama tsirara. Ana haka wata tsohuwar motar kaya ta mutu a filin, mai ita ya kwance abin da zai kwance ya bar gangar jikin. Nan rairayi ya samu abin jingina. Iska ta dinga kawo shi tana jibgewa, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, wata shekara aka nemi motar aka rasa. Tudu ya tashi a wurin, bayansa a kwance, gabansa a tsaye kamar bango, gefe biyu sun miƙo kamar ƙahon sa suna nuna maƙabarta.

Matarsa ce ta fara cewa tudun nan tafiya yake yi. Ita ke kawo masa abincin rana, ta ce kututturen da take zama a kai ta huta ya ɓace. Ya yi mata dariya, ya ce tsufa ne ya fara taɓa mata ido. Amma da ya zauna ya zuba wa abin ido sai dariyar ta ƙare. Iska na korar rairayi daga bayan tudun, ya hau har ƙoli, ya zubo ta gaba. Abin da aka ɗebe a baya shi ake ƙarawa a gaba, ba sauri, ba hutu.

Ya kafa shingen kara da ƙaya. Rairayi ya haɗiye shingen, ya ƙara tsawo a kansa. Mazan gari suka fito da shebur suka wuni suna kwasa, iska ta mayar da aikinsu cikin 'yan kwanaki, ba su sake fitowa ba. A tsakanin nan tari ya kama matarsa, bai sake ta ba har ta rasu. Shi ya haƙa mata da hannunsa, a can ƙarshen yamma, kusa da 'yarsu da ƙyanda ta ɗauke tana ƙarama. A lissafinsa, kafin tudun ya kai nan shi ma ya bi su. Sai ga shi tudun ya kai wurin Dogo yana da sauran ƙarfinsa.

Mutane suka buɗe sabuwar maƙabarta a wancan gefen gari, samari suka karɓi haƙa. Dogo bai bi su ba. Ɗansa, direban tanka da ke zaune a birni, ya zo ya same shi a rumfa.

"Baba, me kake gadi a nan? Babu komai sai rairayi."

"Wucewa zai yi," in ji Dogo. "Ban ga inda ya zauna ba. In ya wuce, wa zai gyara musu makwanci?"

Ɗan ya yi lallashi, ya yi fushi, ya tafi, ya ci gaba da aiko da hatsi da maganin ido. Dogo ya dinga cire rumfarsa yana matsawa da ita gefe duk lokacin da rairayi ya taɓa ta. Idanunsa suka yi ja, kullum suna ruwa. A kasuwa aka fara cewa ya samu taɓin hankali, wasu kuma su ce aljanun wurin ne suka riƙe shi.

Tudun ya wuce ɗin, bayan shekaru masu yawa. Sai dai iskar da ke binsa a baya ta kwashe har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Filin ya yi kwari. Itatuwan rufin kaburbura suka fito fili, sun bushe sun wargaje, ƙasusuwa suka gangara suka taru a ramuka, karnuka suka fara zagayen wurin. Dogo ya je inda yake zaton nan ne ƙarshen yamma. Ba dutse, ba alama. Ya samu manyan ƙasusuwa da ƙanana a cakuɗe, na mutane da yawa.

Liman ya ce a tattara a rufe a rami ɗaya. Kaɗan ne suka zo taimako, da yawansu kuma ba su iya jurewa ba. Wata mai sayar da gishiri ta tsaya a bakin filin, ta ce, "Baba, kai ka sa mahaifiyata a kabari. Nuna mini ita." Ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya ce mata bai sani ba.

Duk ranin nan ya yi shi yana tsintar ƙashi a tabarma yana kaiwa rami. Ya haƙa har ya kai jar ƙasa mai tauri. Da idon ya ƙi, sai ya koma lalube da hannu, yana rarrafe.

Wannan karon da ɗan ya zo bai nemi shawararsa ba, ya sa shi a mota. Aka ba shi ɗaki kusa da ƙofar gida. Surukarsa ta kula da shi iyakar ƙoƙarinta, amma abinci sai an matsa masa, magana kuma sai amsa gaisuwa. Bai kai damina ba. Mutanen da bai taɓa sani ba ne suka haƙa masa. A lokacin tudun ya riga ya shiga gidajen farko na garinsu, masu su na cire ƙofofi da kwanon rufi suna lodawa a amalanke.