Takun farko na Alhaji ne

Shekara bakwai ke nan a wannan watan da aka fitar da maigidana, Alhaji Sani mai goro, daga gidanmu na unguwar Tishigu a Tamale zuwa makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo 'ya'ya sukan yi masa sauka, a dafa shinkafa a raba, kowa ya kama gabansa. Bana na ga ya kamata in rubuta wani abu, domin akwai abin da ya bar mini wanda ba ya cikin rabon gado, kuma na fara jin yana zame mini daga kai. Wasu 'yan taku ne na wasan ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya. Na san wasu za su yi dariya, su ce tsohuwa ta rasa abin kuka. Su yi ta yi.

Alhaji ɗan dame ne, darar nan ta allon katako, tun yana saurayi. Duk la'asar idan ya rufe rumfarsa, gindin dogon yaron bakin layinmu yake nufa, su yi ta buga katako suna ihu da maƙwabcinmu Mba Iddrisu, wani Badagombe manomi da suka taso tare. Ɗanmu Awudu, da yake aiki a Kumasi, shi ya jawo mana magana. Wata sallah ya zo wa ubansa da allon ces da waya mai babbar fuska, ya nuna masa yadda kowane ɗa yake tafiya, sannan ya buɗe masa bidiyon wani Bature da ake ce wa giranmasta, wato wanda ya kai ƙololuwar wasan, irin waɗanda a duniya ma ƙirga su ake yi. Mutumin yana koyar da buɗin wasa: takun da ake fara yi, da yadda abokin karawa zai amsa, da abin da kai kuma za ka mayar masa.

Alhaji karatun zaure ya yi, bai san wata hanyar ɗaukar ilimi ba sai ita. Saboda haka yadda ya zauna gaban malaminsa na fiƙihu, haka ya zauna gaban wayar nan. Zai cire takalmi, ya tanƙwashe ƙafa a tabarma, ya jingina wayar jikin buta. Turancin mutumin gudu yake kamar mota, sai Alhaji ya tsayar da bidiyon, ya kira ni in fassara, tun da ni ce na yi koyarwa a firamare har na yi ritaya. Bai taɓa kiran sunan Baturen ba, sai dai ya ce Malamina. Idan mutumin ya yi wani taku mai kyau, sai ka ji Alhaji ya ce, “Allah ya ƙara sani.” Na sha gaya masa cewa wannan malami nasa bai san an halicce shi ba. Sai ya ce ai ba dole malami ya san duk ɗalibansa ba, ɗalibi ne dole ya san malaminsa.

Daga fassara aka zarce da ni. Buɗin wasa ba ya haddatuwa da mutum ɗaya, dole wani ya zauna ɗaya gefen ya riƙa ba da amsa. Mba Iddrisu ya gwada kwana biyu ya gudu, ya ce, “Wannan wasa ba shi da surutu koraa, ko kaɗan, mutum ya zauna kaman gidan mutuwa.” Sai Alhaji ya juyo kaina. Na ce masa ni da na ƙare ƙuruciyata ina fama da 'ya'yan mutane, yanzu da furfurata za a mayar da ni aji? Ya ce, “Tica, zauna mana. Ba tunani za ki yi ba, amsa kawai za ki ba ni.” Haka na zauna, da faifan tsintar wake a cinyata, ina mita.

Shi ke riƙe farare, ni baƙaƙe, kuma a dokar wasan fari ne yake fara taku. Muka raɗa wa 'ya'yan sunayenmu na gida: ƙananan sojoji, doki, liman, soro. Zai tura sojan gaban sarki gida biyu, in tura nawa su yi kicibis. Ya fito da doki, in fito da doki. Ya fito da liman, in fito da nawa. Haka za mu yi ta yi har sarakunanmu su shige lungu su ɓuya. Idan na kuskure sai ya ɗan buga mini bayan hannu da yatsa, ya ce ba haka Malam ya ce ba. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta shigo, muna kan buɗi guda. Har na kai ina amsawa ba tare da na ɗaga ido daga wake ba. Ban so wasan ba, har yau ban ce ina son sa ba. Zaman na so.

Abin da ya dame shi ɗaya ne, bai taɓa gaida malaminsa ba. A wurinsa abin kunya ne mutum ya sha ilimin wani bai kai masa ko goro ba. Sai ya ware farin goro, manya, irin na biki, ya naɗe a ganye ya ajiye. Awudu ya ce masa, “Baba, ba a aika goro ƙasar nan, a boda za su zubar.” Bai ji ba. Idan na ajiyar ya fara bushewa sai ya canza sabo.

Rannan Awudu ya bugo waya da albishir. Wai giranmastan yakan ware rana ya yi wasa da masu kallonsa ta intanet, ɗaya bayan ɗaya, kuma ya samo wa ubansa gurbi. Ban taɓa ganin Alhaji cikin irin wannan zumuɗin ba, ko ranar da zai tafi Makka. A ganinsa ranar biya karatu ce ta zo: ɗalibi ya kawo hadda, malami ya saurara. Awudu ya taho daga Kumasi musamman. Aka share tsakar gida, 'yan dame suka bar gindin bishiya suka shigo, Alhaji ya sa babbar riga bayan azahar, ya ajiye ƙunshin goron kusa da wayar, duk da an gaya masa mutumin ba zai gan shi ba. Da aka ga fari ya faɗo masa, sai ya waiwayo ya yi mini murmushi.

Ya yi bisimilla ya tura sojan gaban sarki. Ni har hannuna ya motsa a cinyata, don na san amsar. Amma mutumin bai ba da ita ba. Wani ƙaramin soja na can bakin allo ya tura, wanda ba ya tsare komai, ba ya buɗe wa kowa hanya, yana magana da masu kallonsa yana dariya. Alhaji ya tsura wa wayar ido. Ya ce a hankali, “Ba haka ya koya mini ba.” Awudu yana ta cewa, “Baba, yi taku, lokaci yana tafiya,” shi kuwa yana jira, ko malam zai ga kuskurensa ya gyara. Da ya ci gaba, ya ci gaba ne da haddarsa, yana amsa tambayar da ba a yi masa ba. Kafin shayin da na zuba wa baƙi ya huce an cinye shi. Baturen ya ce na gode, na gaba, ko sunansa bai iya faɗa daidai ba.

Alhaji ya tambayi Awudu abin da ya ba mutumin dariya, Awudu ya sunkuyar da kai ya ce raha ce kawai yake yi, haka yake yi wa waɗanda ya san ba su kai shi ba. Sai Alhaji ya kwance ƙunshin goron, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya raba. Da ya zo kaina ya miƙo mini babban, ya ce, “Tica, ke kin fi shi amana.” Aka yi dariya don a rufa masa asiri. Ni ban yi ba, don na ga idonsa.

Bai sake buɗe bidiyon nan ba, bai kuma koma dame ba. Na zaci ya bar ces ma, amma washegari da la'asar ya shimfiɗa tabarma ya jera 'ya'ya. Muka yi buɗinmu har sarakuna suka ɓuya, sai ya mayar da komai wurinsa. Haka muka yi har ciwon da ya zama ajalinsa ya kwantar da shi, ba mu taɓa ƙarasa wasa ko ɗaya ba. Na taɓa tambayarsa me ya sa kullum nan muke tsayawa. Ya ce, “Daga nan sai faɗa, ni da ke kuwa ba mu da faɗa.”

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo Tamale ta yau. An sare dogon yaron, an dasa kwantenar sayar da kayan waya a wurin. Mba Iddrisu ma ya bi Alhaji, ya rasu. Samari ba sa cin goro, rumfarsa ma wani mai gyaran babur ne a ciki. Nakan ga matasa a yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, kai a sunkuye, suna buga ces da mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma Awudu ya ce yanzu wayar da ke aljihun kowa ta fi malamin ubansa iyawa. Ina jin da ya ji haka zai tambaya ne, to ita wayar wa ake kai wa goronta? Awudu ya sa mini wasan a tawa don in rage kewa. Na gwada sau ɗaya, ita ma ba ta da amana, duk inda ta ga dama take bi.

Ranar saukar bana, da mutane suka watse, na ɗauko allon na jera. Na zauna gefena, na miƙa hannu ina yi masa nasa takun, ina amsawa da nawa. Soja ya zo, doki ya zo, liman ya zo. Daga nan na tsaya. Ban san ko ƙaramin soja yake turawa ba, ko sarki yake fara ɓoyewa. Ashe duk shekarun nan ban haddace nasa ba, hannunsa nake bi, idan ya sauka sai nawa ya tashi. Bara na kai gaba da nan, baɗi ban san inda zan tsaya ba, kuma wannan yana ba ni tsoro fiye da ciwon gwiwa da duhun ido. Awudu ya ce, “Mma, ai bidiyon yana nan, sai in buɗe miki.” Na ce a'a. Ba zan je wurin wanda ya yi wa mijina dariya in roƙe shi abin da mijina ya bar mini ba.

Abin da ya rage na Alhaji Sani ke nan a hannuna: rabin wasa, gefen amsa. Na mayar da 'ya'yan wuraren su, fararen suna fuskantata. Baƙi ba ya fara taku, doka ce. Na zauna a gefena ina jira har aka kira magariba.