Tablet Ashirin a Ɗakin Ajiyar Alhaji

Ina shekara ta uku da fara koyarwa a lakwal, wato makarantar unguwarmu ta Zongo, wata ƙungiya ta kawo mana tablet guda ashirin. 'Yan kasuwa ne suka haɗa hannu suka gina makarantar, da safe Faransanci da lissafi, da yamma Larabci, ni kuma ina riƙe da ajin ƙarshe. Matar da ta kawo kayan ta yi mini bayani dalla-dalla. Akwai darussa a cikin kowace na'ura, kuma na'urar tana ƙirga awannin da aka yi aiki da ita. Bayan wata shida za ta dawo. In yara sun yi amfani da su, an bar mana ke nan, har da ƙarin farantin sola. In ba su yi ba, a kwashe a kai wa wasu.

Motarta ba ta gama fita daga layinmu ba Alhaji ya sa aka ɗauke kwalayen zuwa gidansa. Alhaji shi ne shugaban iyayen yara, dillalin atamfa, kuma aminin marigayi mahaifina. Kakansa mai masauki ne tun zamanin fataken goro. Baƙo zai bar kayansa ya yi tafiyar shekara, ya dawo ya tarar da ƙullin igiyarsa yadda ya ɗaure shi. Har gobe 'yan Kano masu kawo shadda a gidan suke barin kaya, ba takarda ba shaida. Da wannan aka san gidan, da shi kuma yake tinƙaho.

Washegari na hau moto, wato babur ɗina, na same shi a shago, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, dama maganar kayan yaran nan ce. An ce su riƙa taɓawa."

"Su taɓa? 'Yata, matar nan ba ta ce za ta dawo ba?"

"Ta ce, Baba."

"To wanda zai dawo ya duba kaya ai ajiya ya bayar. Yaro ɗaya ya fasa gilashi, da wane ido zan kalle ta?"

Na ce haka ne, Baba. Wallahi haka na ce. Na fito ina cizon yatsa, na yi ta zagin kaina a kan moto har gida.

Na je wurin direktan makarantar, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma'aikacin iyayen yara ne, ba zai ja da wanda ya ɗauke shi aiki ba. Na koma wurin Alhaji sau huɗu. Kowane zuwa sai na kewaya maganar, na shafa mata mai, na ce "da dai an ɗan fito da ko biyu," shi kuma ya sa a kawo mini ruwan sanyi ya shiga ba ni labarin mahaifina. Barci ya ƙi ni, abinci ya ƙi ni. Kullum ina ƙirga watanni a yatsa.

Da na rasa yadda zan yi, sai na zana tablet a jikin allo, ƙatuwa, da madanninta da komai. Yara suka yanko kwalayen sabulu suka kwafa. Ina cewa "ku kunna," yara arba'in da wani abu su danna kwali gaba ɗaya, wasu har da yin ƙara da baki. Suna dariya, ni kuwa abin yana ci mini rai. Kullum sai sun tambaye ni, "Madam, yaushe za a kawo na gaske?" Kullum in ce saura kaɗan.

Ranar da matar ta dawo, Alhaji ya zo cikin babbar riga, an jera kwalayen a kan tebur, ko ledar jikinsu ba a yaga ba. Da yake ba ya jin Faransanci, ya ce in gaya mata ta duba da kyau, yadda ta kawo haka suke. Na ga fuskarta ta canza. Ta yaga leda ɗaya, ta tambayi yara wa ya iya kunnawa. Hannaye suka tashi, aji duka. Ta miƙa wa wata yarinya da ke bencin gaba. Yarinyar ta sa yatsa daidai inda ya kamata, ta danna, ta sake dannawa. Batir ya daɗe da mutuwa. Ta juyo ta kalle ni, a zatonta ita ce ta yi kuskure.

Matar ta yi rubutu a takardarta, ta ce mini mu yi haƙuri amma doka ce, akwai wata makaranta a unguwar Dassasgho da ke jira. Aka fara mayar da kwalayen mota. Alhaji yana murmushi ya matso kusa da ni.

"Me ta ce? Ta yaba?"

A ranar ce kaɗai na faɗa masa magana ba kwana-kwana, a gaban yara.

"Ta ƙwace, Baba. An ba mu ne mu yi aiki da su. Da an farfasa rabi, da an bar mana sauran. Ajiyar ce ta jawo."

Ya daɗe yana kallon motar. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya juyo ya dubi yaran da ke tsaye a bakin ƙofa, jikokinsa biyu na cikinsu, sannan ya dube ni.

"'Yata, sau nawa kika zo shagona?"

"Sau biyar, Baba."

"Sau biyar. Me ya hana ki faɗa mini haka tun ranar farko?"