Malama Fenti da Katangar Makarantarmu

Tun bakwai saura take shigowa makaranta, jaka a kafaɗa, ɗaurin tsofaffin kwalaye a hannu. Kafin mai gadi ya gama share bakin ƙofa ta buɗe tagogin ajin da ke ƙarshen baranda, ta jera gwangwanayen madara da ta wanke, ta cika su da ruwa, sannan ta zauna tana feƙe fensir ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana koyar da zane a firamarenmu. Yara suna kiranta Malama Fenti, don ko ta ci kwalliya sai ka ga shuɗi ko ja a gefen farcenta. Ƙarshen wannan zangon za ta yi ritaya.

Ni malamin lissafi ne, kuma gara in faɗi laifina da bakina. Na taɓa miƙewa a taron malamai na ce a rage darasin zane a ba ni lokacin, tunda ba ya cikin jarrabawar fita. Aka rage mata zuwa sau ɗaya a mako. Ba ta yi musu ba, gaisuwarta gare ni kuma ba ta canza ba.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya ci gidajen layin gangare, ya rushe katangar makaranta. Mutanen gangare suka ce 'yan layin tudu ne suka toshe magudana da shara. Manya suka daina gaisawa, yara suka kwaso rigimar har aji, ko benci ba sa yarda su haɗa. Akwai wata 'yar aji uku, ɗiyar tela, wadda ɗakinsu ya faɗi tana kallo. Tun ranar ba ta ƙara buɗe baki a makaranta ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na gaji.

Da aka gama sabuwar katanga, Malama ta roƙi shugaban makaranta ya bar mata ita. Ta haɗa yaran bibbiyu, ɗaya daga tudu ɗaya daga gangare, gwangwanin fenti ɗaya, ta ce kowa gidan abokinsa zai zana a jikin katangar.

Wani ya ɓata fuska ya ce, "Malama, ni ban taɓa shiga gidansu ba."

Ta ce, "To ga mai gidan nan kusa da kai. Bakinka ciwo yake?"

Ɗiyar tela ta faɗo hannun ɗiyar wani kafinta na layin tudu. Ɗiyar kafintan ta yi ta tambaya ba amsa, sai ta kama zane yadda ta ga dama. Ina wucewa da littattafai daidai lokacin da ta shafa wa ƙofa kore, sai na ji wata siririyar murya ta ce, "Ba kore ba ce. Ƙofarmu ja ce, kuma keken ɗinkin Baba yana gefenta. Ruwa ya tafi da ƙofar."

Na tsaya cak. Malama ko juyowa ba ta yi ba, sai ta ɗaga mini yatsa alamar in yi shiru, ta tura musu gwangwanin ja da ƙafa.

Ɗiyar kafinta ta kai labari gida. Bayan kwana biyu mahaifinta ya zo ya daɗe a gaban zanen, sannan ya tafi. Ranar Asabar aka gan shi ɗauke da ƙofa a ka, ya nufi gangare. Mako bai zagayo ba maza daga layukan biyu suka fito da shebur suka yashe magudanar. Ba zan ce rigima ta mutu gaba ɗaya ba, har yau akwai masu kau da kai, amma yara sun koma bencinsu.

Da ƙafata na je ofis na ce a mayar mata da lokacinta. Da ta ji sai ta yi dariya ta ce, "Malam, ashe bayan ragi ka iya ƙari."

Malama, ke ce ba ki taɓa ce wa yaro zanensa ya yi muni ba, sai dai ki durƙusa daidai tsawonsa ki ce, "Ba ni labarin wannan." Ke ce kika koya musu cewa in fenti ya zube a takarda ba a yagawa, a kan duba a ga abin da za a mayar da shi. Uwar ɗakin masu ƙananan hannuwa, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Mu kuma da muka rage, malamai da iyaye, aikin ya dawo hannunmu. Gobe in yaro ya miƙo muku takarda da akuya mai ƙafa biyar, kada ku ce ya ɓata takarda. Ku ajiye abin da kuke yi, ku tambaye shi ina akuyar za ta je.