Yaya Rabe, Sojan Ruwa daga Mairuwa

Bana shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar yayana Rabe, kuma har yau babu kabarin da za a nuna a ce ga nasa.

A Mairuwa aka haife mu. Lokacin da kuɗin man fetur suka fara yawo, samari suka riƙa barin gonar auduga suna tafiya birni. Shi Rabe keke ya saya. Duk ranar kasuwar Funtuwa sai ya hau ya tafi silima, kuma fim ɗin yaƙi kaɗai yake kallo. Mu mata ba ma zuwa, don haka washegari ina daka yana tsugune yana ba ni labari, yana kwaikwayon ƙarar igwa da baki. Turancin bai ishe shi ba, abin da bai gane ba sai ya cike da nasa.

Ranar da ya ce zai shiga soja, Baba ya daina yi masa magana, domin ƙanen Baban ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba. Abokan Rabe duk sojan ƙasa suke so, ɗaya ko biyu na sama. Shi ya kafe sai na ruwa, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin garinmu ba. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Ke Hajo, na lura da finafinan nan. Sojan ƙasa sai ya ga idon mutum kafin shi harbe shi. Ni ba ni iyawa. Na ruwa daga nesa suke nasu."

Da maganar ta kai kunnen Baba sai ya sassauta. A ganinsa an gama yaƙi, ruwa kuma ya fi harsashi sauƙi. Ya sa masa albarka.

Rabe bai taɓa harbin kowa ba. A Ikko aka ajiye shi, a shekarun da jiragen ruwa masu dakon siminti suka yi cincirindo a bakin teku. Ƙaramin jirgin da suke sintiri da shi ya kife da rana tsaka. An ceto sauran, shi ba a gan shi ba. Akwatinsa aka kawo mana. Inna ta koma ga Allah tana cewa wataƙila wani jirgi ya tsince shi. Matarsa da ya bari da ciki ta haifi Binta.

Yanzu nakan zauna in ce, da Yaya zai leƙo, me zai ce? Yaƙin da yake taka keke ya biya kuɗi ya kalla, yau ya zo har gida. Daga Sabuwa zuwa Ƙanƙara, manomi na tsoron gonarsa. 'Yan bindigar sun san idon wanda suke harbi, wani lokaci har sunan ubansa sun sani. Binta da kanta ta kwashe 'ya'yanta ta koma cikin Faskari bayan an kashe mijinta a hanyar gona.

Abin da ya rage mana na Rabe shi ne jininsa, da taurin kan nan nasa. Makon jiya babban ɗan Binta ya zo ya durƙusa gabana.

Ya ce, "Kaka, zan shiga soja. Na ƙasa nike so. Ina son in ga idon wanda ya kashe babana."

Na ce ya bari in yi salla tukuna. Na idar, na daɗe a kan darduma. Ranar Laraba zai tafi a tantance su.