Ashirin Ba Biyu

Ranar wata Laraba ce, cikin daminar da aka ɗauki Babanmu aiki a masaƙa muka tare a Makera. Ina tsaye a bakin tagar aji biyu, ƙafata duk taɓo, gwangwanin madara a hannuna cike da 'ya'yan tsamiya. Na ƙanwata Ladi ne, ta manta shi a gida Inna ta aiko ni. Ladi aka sa a boko, ni kuwa aka bar mini ɗiban ruwa da wanke-wanke, don ni ce babba.

'Ya'yan tsamiyar nan aikin hannuna ne. Malaminsu, Malam Bulus, wani dogo mutumin Zonkwa, shi ya ce kowa ya zo da abin ƙirga. Wasu suka tsinto murafun kwalba, wasu suka kakkarya tsinken tsintsiya suka ɗaure goma-goma. Ni kuwa duk ranar da Inna ta jiƙa tsamiyar kunu sai in tsince 'ya'yan, in wanke, in shanya, in ƙirga wa Ladi yadda Kakarmu ta koya mini. Zama ba ya yi mini a gida. In an aike ni famfo sai in zagaya ta makaranta, in ajiye bokiti, in yi ɗage ina kallon yadda suke tura 'ya'yan gefe guda suna janyowa.

To ran nan sai Malam ya juyo. Ya ce, "Ke 'yar taga, kullum kina nan kamar kin kama haya. Shigo!" Na shiga. Ya zazzage gwangwanin a kan tebur, ya ce in ware ashirin, in cire biyu. "In kin faɗi saura nawa, da ƙafata zan je wurin Babanki, ki samu benci."

Na ware, na cire, na ɗaga kai na ce, "Ashirin ba biyu." Haka Kaka take kiran wannan adadi, a bakinta ban taɓa jin sha takwas ba. Ajin nan ya ɗauki dariya. Wata yarinya daga baya ta ce, "Malam, ta maido maka da tambayarka!" Ban san sanda na fita ba. Gudu nake, taɓo na fallatsa, ban tsaya ba sai bayan ƙofar ɗakinmu.

Da Ladi ta dawo ta ce, "Yaya Asabe, me ya kore ki? Malam ya buga tebur ya ce kin ci, ƙirgar manya ce. Ya ce ki zo gobe ku je wurin Baba tare." Na ce to. Gari ya waye na yi wanka, na ɗaura kallabin sallah, na kai har kwanar makaranta. Ina jin hayaniyarsu sai na juyo. Washegari ma haka, ranar Litinin ma haka. Daga nan Inna ta haihu raino ya hau kaina, aka yi hutu, aka dawo, aka ce an mai da Malam wani gari. Babu wanda ya hana ni. Wannan shi ne abin da har yau bai bar zuciyata ta zauna ba.

Yanzu ina Romi wurin ɗana. Jikata takan zo da wani katako mai wayoyi, an jera masa duwatsun roba ja da kore, ta ce, "Kaka, zo in koya miki." Sai in matso, in tura, in janyo. Amsar takan zo mini kafin ta zo mata, amma sai in riƙe ta a baki har ta faɗa tukuna. Su yaran yanzu in sun yi kuskure dariya suke yi su sake, ni da ban yi kuskure ba na gudu. Dariyar ajin nan ba ta kai tafasar ruwa ba, amma na ba ta rayuwa guda.