Kwamandan gidanmu ya kafa shinge a makaranta

Ranar Laraba ina tsakiyar karatun littafi, daidai inda saurayin zai faɗi abin da ke ransa, sai ga kira daga makarantar Sadiƙu, ƙanin mijina da muke riƙo. Wai ya tare ƙofar aji da benci, duk yaron da zai shiga sai ya ɗaga hannu an bincike shi. Wani ya ƙi, ya fasa masa baki da sanda.

Tun da muka dawo Mubi daga gudun hijira yake kwaikwayon sojojin bakin hanya. Yayansa, wato maigidana, har ya sa masa suna Kwamanda. In ya tare ƙofar kicin mu yi ta dariya, ni ma in ɗaga hannu da ludayina.

Muna isowa gida na rufe shi da faɗa. Ya kalle ni ya ce, "Adda, ai ke kina ɗagawa. Shi ne ya ƙi."



Shi kuma maigidan yana jin labari sai ya hau neman bulala. Na ce, "Haba don Allah! Mu muka ba shi muƙamin, yanzu kuma za ka ƙara koya masa duka?"

Masu riƙon yara, ku me kuke yi wa dariya a gidajenku?

Ni dai na ajiye littafin. Daga yau babu Kwamanda a gidan nan, Sadiƙu ne sunansa. Gobe mu uku za mu je gidan yaron mu ba da haƙuri.